Ranar da shanun huɗa suka wuce gonar mahaifiyata

Shekarun baya, tun gemuna bai fara furfura ba, mu huɗu ne a wani ɗan shago a Ɗanbatta muna rubuta manhajar waya. Ku da kuke bibiyata a nan kun saba ji ina zuba shawara kan yadda ake aiki tare, kamar da ita aka haife ni. Yau dai na gaji da wannan rigar malantar, bari in faɗa muku inda na koyo. Ba a aji ba ne, kuma ba ni ne na fi shan wuyar karatun ba.

Shagon na malamina ne. Abokin mahaifina ne tun suna samari, bayan rasuwar Baba kuma shi ya kama hannuna ya ɗora a kan kwamfuta, bai taɓa cewa in kawo ko sisi ba. Har gobe in zan gaishe shi sai na rusuna. Sai abokina da muka yi sakandare tare, shi ke tsara abin da mutum zai gani a fuskar waya. Sai abokiyar aikinmu, wadda ita ce ƙaramarmu. Iyayenta 'yan asalin Barno ne, amma a nan Ɗanbatta aka haife ta. Ita ke gwada abin da muka rubuta, ita kuma ke zuwa ƙauyuka, don tana iya shiga har cikin gida wurin mata. Ni kuwa ina tsakiya, in haɗa aikin wannan da na wancan, in rana ta yi kuma ni ake aika sayo ɗanwake.

Aikin da ya zo mana a shekarar na ƙungiyar manoman yankinmu ne, can wajen Makoda. Ƙungiyar tana da shanun huɗa, garma huɗu kacal, ga gonaki kuwa birjik, wannan a jikin wannan. Duk damina sai an yi rigima kan wanda za a fara yi wa huɗa. Wanda bai taɓa noman gyaɗa a ƙasarmu ba zai ce mene ne abin faɗa a ciki. To daminarmu gajera ce. In ruwa ya zauna aka yi maka huɗa a makon farko ka shuka, ka ci. In aka kai ka mako na uku, ruwa zai ɗauke gyaɗarka ba ta cika ƙwaya ba, sai dai ka tara wa dabbobi harawa. Shugaban ƙungiyar ya gaji da zargin da ake masa na fifita danginsa, ya zo ya sami Malam ya ce a yi musu abin da zai rubuta sunan kowa da gonarsa, ya jera su bisa wanda ya riga yin rajista, ya kuma aika wa kowa saƙon tes da ranarsa. Kwamfuta dai ba ta da ɗan'uwa, in ji shi.

Malam ya ɗauki ɓangaren da ya fi nauyi, wato rumbun da ake ajiye sunayen. Ya kusa wata guda a kansa, yana yi yana murmushi shi kaɗai. Da ya gama ya turo mana, ni kuma tun a karatun farko na ga matsalar. Malam ya sa lambar waya ta zama ita ce shaidar mutum: lamba ɗaya, mutum ɗaya. In wani ya zo da lambar da aka riga aka yi rajista da ita, manhajar za ta ɗauka mai lambar ne ya dawo gyara sunansa. Sai ta goge na farko, ta rubuta na biyu a gurbinsa, ta ba shi ranar na farkon, sannan ta nuna koren rubutu cewa an yi rajista lafiya. Ba ta ko tari.

A gari babu laifi a wannan tunanin. Malam kansa lamba uku gare shi. Amma ni ɗan ƙauye ne, na san gidajen da waya ɗaya ce ke yawo tsakanin mutum goma, na san tsofaffin da in za su kira 'yarsu sai sun je wurin mai shayi. Layi ɗaya ne a cikin rubutun, gyaransa ba zai kai tsawon shan kofin shayi ba. Na ɗauki kwamfutata na nufi teburin Malam na rusuna.

"Malam, barka da aiki."

"Barka kadai."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya su Hajiya? Ya ƙafar tata?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Akwai magana ne?"

"A'a Malam, dama gaisuwa ce."

Mutumin da muka gaisa da shi tun safe, muka kuma yi azahar a sahu ɗaya. Na koma kujerata ina ba kaina haƙuri, wai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, wataƙila akwai wata hikima da ban kai ga gane ta ba. Ƙarya nake wa kaina, kuma na sani. Nauyin mutumin nake ji. Ta ina zan fara ce wa wanda ya koya mini kunna kwamfuta ya yi kuskure? Sau uku na yi irin wannan gaisuwar a mako guda, har Malam ya fara yaba mini da ladabi.

Ana haka abokiyar aikinmu ta tare ni a bakin shago, ta rage murya.

"Na gwada lamba ɗaya sau biyu, sunan farko ya ɓace. Ka gani kuwa?"

"Na gani."

"To kai ne ɗan gida, kai za ka faɗa masa. Ni in na faɗa sai a ce yarinyar da ta zo jiya ba ta da ta ido."

Na ce ta bar mini. Ana jibi za ta fita rajista ta sake tambayata, wannan karon a cikin shago, Malam yana zaune taku uku da mu. Ta ce, "Abin nan an gyara?" Don kada Malam ya tambayi wane abu, na yi wuf na ce, "An yi maganinsa." A raina na ƙudurta gobe zan same shi shi kaɗai in faɗa masa, tunda shi kaɗai ke da mabuɗin ɗora gyara. Gobe ta zo na ce gobe.

Yanzu ga wurin da na fi jin kunyar faɗa. Mahaifiyata tana da gayauna a bayan gari, ba ta da girma, amma gyaɗarta ce man girkinta da ƙuli-ƙulin da take yi duk shekara. Irin ma nata ne, tun Baba yana raye take ware shi daga amfanin bana ta ajiye wa baɗi, ba ta taɓa sayen na kasuwa ba. Ranar da aka buɗe rajista, tun kafin kowa, na zauna na saka sunanta da lambar wayata. Na ce lambata ce, a aljihuna take, ba wanda zai zo ya hau kanta. Inna ta zama ta farko-farko a jeri. Na kira ta ta wayar ƙanen mahaifina na shaida mata, na kashe waya ina jin kaina wani mai dabara. Ban gyara ramin ba, na dai zagaya da tawa ta gefensa.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne halin Inna. Ranar da abokiyar aikinmu ta isa ƙauyenmu, mata suka taru a tsakar gidanmu, saboda an san ɗan gidan yana cikin masu aikin. Wasu suka ce ba su da waya. Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko 'yar takardar da na rubuta mata lambata, ta ce, "Yo mene ne abin damuwa? A sa musu ta yaron nan, ai shi ne mai abin." Mata uku aka rubuta da lambata a ranar. Abokiyar aikinmu ba ta yi ɗar ba, tunda na ce mata an yi maganinsa. Kowace ta goge ta gabanta. Wadda ta rage ita ce ta ƙarshe, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, ita ta gaji ranar Inna. Haka aka yi ta yi a sauran gidaje da sauran ƙauyuka, koren rubutu yana ta fitowa.

Ruwa ya zauna. Saƙo ya shigo wayata: ranar huɗarku Laraba. Babu suna a jiki, don ba mu ga amfanin sa suna ba, tunda a tunaninmu mai waya ya san kansa. Na hau babur na tafi gida da murnata. Ranar Laraba da sassafe Inna ta dama kunun tsamiya cikin babbar roba don masu huɗa, ta ɗauki ƙwaryar irinta, muka tafi gona muka zauna a gindin gawo. Hantsi bai gama ɗagawa ba muka hango shanun suna tahowa ta burtali. Inna ta miƙe tana gyara mayafi. Suka iso daidai gonarmu, suka wuce.

Na bi mai huɗar da sauri. Dattijo ne, ya san ni tun ina yawo ba wando.

"Baba, ai nan ce gonar. Yau ranar Inna ce."

Ya zaro takardar da aka buga masa daga aljihu ya miƙo mini. "Kai ne mai karatu, duba da kanka. An ce mana wanda ke takarda kawai, ko uwar shugaba ce in ba ta ciki kada mu tsaya. Ba ku kuka kawo tsarin ba?"

Na duba sama da ƙasa, na juya bayanta. Sunan maƙwabciyarmu ne a gurbin, ga lambata a gefensa tana kallona. Ban buƙaci wani ya yi mini bayani ba. Inna ta ɗauki robar kunun ta bi shanun har gonar maƙwabciyar, ta ajiye musu a can, ta ce tunda an riga an dama.

Kafin azahar ƙofar gidan shugaban ƙungiya ta cika. Wanda ya yi rajista da wayar ɗansa, wadda ta yi da ta mijinta, gidan da mutum biyar suka ba da lamba ɗaya, duk sun zo neman ranarsu an ce babu su. Yawancinsu mata ne da tsofaffi, waɗanda dama can su ake tsallakewa, su ne kuma aka ce kwamfuta za ta share wa hawaye. Na ji wani yana cewa gara lokacin son kai, aƙalla ka san wanda za ka zaga.

Washegari muka haɗu a shago. Wutar lantarki babu, fanka ta tsaya. Abokina ne ya fara, ya ce gwaji ne ba a yi da kyau ba. Abokiyar aikinmu ta ce ita ta yi gwajinta, ta dube ni. Ni kuma, don rashin ta ido, har na buɗe baki zan ce laifin matan ne da suke ba da lambar da ba tasu ba. Malam ya yi ta bin rubutunsa da yatsa a kan allon kwamfuta har ya tsaya a kan layin. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya cire tabarau.

"Tambaya ɗaya zan yi. A cikinku wa ya ga wannan layin kafin yau?"

Abokiyar aikinmu ta ce ta gani. Na ce na gani, na kuma faɗi ƙaryar da na yi mata. Sai abokina, wanda ya gama ɗora wa gwaji laifi yanzun nan, ya sunkuyar da kai ya ce shi ma ya gani tun makon farko, amma ya ɗauka ni zan faɗa tunda na fi kusa da Malam.

"Ku uku," in ji Malam. "Kullum tare muke sallah a masallacin bakin titin nan. In liman ya miƙe a inda ya kamata ya zauna, me na baya suke yi?"

Abokina ya ce, "Sukan ce subhanallahi."

"Wa ke faɗa? Sai wanda ya girmi liman?"

"Kowa, Malam."

"Kun taɓa jin an fito masallaci an ce wanda ya tunatar ba shi da kunya? To ni na fi liman ne? Kun bar ni na kai har sallama da kuskure, ga jama'a a bayana, ku a ganinku girmama ni kuke yi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma bai tsaya a kanmu ba. Ya ce layin shi ya rubuta, wannan nasa ne, ba ya neman abokin ɗauka. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ya zauna da mu shekaru, ya mai da kansa mutumin da ba a iya gaya wa gaskiya, bai kuma lura ba. "Yaro ya zo ya gaishe ni sau uku a mako da kwamfuta a hannu, ni ina ta murna na yi tarbiyya," in ji shi. A nan ne na ji hawaye ya zo mini, na fita na tsaya a bayan shago.

Gyaran layin bai ɗauki komai ba, kamar yadda na sani tun farko. Kowa aka ba shi lambar ƙungiya tasa ta kansa, waya ɗaya ta iya ɗaukar mutum goma, saƙo kuma ya riƙa zuwa da suna. Abin da aka goge ne ba ya dawowa. Sai da muka rufe shago muka bi ƙauyukan gida-gida muna sake rubuta mutane, mu huɗu, har da Malam a bayan babur. Kwana biyar muna yi. Na sha zagi a kwanakin nan wanda ban sha ba tun da aka haife ni, kuma babu wanda zan ce bai dace ba. Wata tsohuwa ta ƙi ba ni sunanta, ta ce wancan da ta bayar ina muka kai shi. Ga rana, ga caɓi, ga gajiyar maimaita ban haƙuri iri ɗaya a ƙofa arba'in. Waɗanda aka riga aka aika wa rana kuwa ba za a taɓa su ba, in ba sabuwar rigima ake nema ba. Dole waɗanda aka goge su biyo baya a sabon jeri.

Malam ya ce a sa Inna a farkon sabon jerin, tunda tun asali ita ce a gaba, shugaban ƙungiya ma ya yarda. Na tafi gida da wannan ɗan albishir kamar wanda ya ƙone rumbu ya zo da tsintsiya. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince irin gyaɗarta a faifai, tana ware masu ƙwari. Na zauna a ƙasa na faɗa mata, kuma tunda na fara faɗin gaskiya a makon, sai na zarce na faɗa mata duka.

Ba ta ɗago ba. "Wato tun kafin yarinyar nan ta zo ka san abin yana cin sunan mutane?"

"Na sani, Inna."

"Shi ya sa ka riga kowa ka sa ni da lambarka."

"E."

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Ni na zaci don kana ji da ni ne." Ta karkaɗe faifan. "To sauran matan garin nan da ba su haifi mai kwamfuta ba, su wa ka bar musu?"

Ta sake zuba gyaɗa a faifan, sannan ta ce:

"Ka je ka ce wa Malam na gode, Allah ya saka. A sa ni a ƙarshe, bayan duk wanda aka goge."

"Inna, gyaɗar ba za ta yi ba."

"Kai ɗan nan, na fi ka sanin gyaɗa."

Na nemi shanun haya a ɓoye, babu. A irin wannan lokacin ko ɗan maraƙi ne ya iya tafiya a miƙe an riga an kama shi. Da na koma na faɗa a shago, Malam ya ce to mu ai muna da hannu. Ranar Asabar muka aro garmar hannu guda uku muka sauka a gonar. Ni rabona da garma tun ina aji uku, abokina ɗan gari ne bai taɓa riƙewa ba, Malam kuma ga shekaru ga ciwon baya. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi bororo. Abokiyar aikinmu tana biye da mu ita da Inna suna jefa iri. Inna ta tsaya ta ƙare wa aikinmu kallo, ta ce, "Wannan huɗa ce ko maciji ne ya wuce?" Shi ne karon farko da ta yi dariya tun waccan Larabar. Kwana biyu muka yi, abin da muka iya bai wuce kusurwa ɗaya ta gonar ba. Malam ya kwana uku ba ya iya ruku'u sosai.

Shanun ƙungiya suka iso gonar Inna a ƙarshen mako na uku, ita ce ta ƙarshe kamar yadda ta ce. Ta dama musu kunu kamar wancan karon. Ta shuka, ta yi noma, ta yi maimai, ba ta rage komai ba don ta san ba za ta samu ba. Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa. Da aka cire gyaɗar, ganye shar, harawa kamar me, amma ka matsa kwanso ka ji iska. Kusurwar da muka yi wa karkatacciyar huɗarmu ce kaɗai ta cika ƙwaya, ita ma iyakarta irin baɗi. Inna ta ƙulle shi a buhu ta rataye. A shekarar, karon farko a rayuwata, na ga mahaifiyata ta aika kasuwar Ɗanbatta a sayo mata gyaɗar ƙuli-ƙuli. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Da ma ta yi, da na fi samun sauƙi.

Ranar da zan koma bakin aiki bayan kaka ta miƙo mini kwano guda na waccan marar ƙwayar, dafaffiya. Ta ce, "Kai wa abokan aikinka, su ma gonarsu ce." Muka zuba ta a tsakiyar tebur muka zauna mu huɗu muna ɓarewa, a ɓare uku kafin a sami ɗaya mai abin taunawa. A wannan zaman Malam ya fito da wani littafin rubutu mai bango ja, ya ce daga yau duk abin da ya lalace a nan za a rubuta shi: me ya faru, a ina ya kamata a kama shi, me aka canja. Babu gurbin wa ya yi. Muka sa masa suna littafin tuntuɓe. Muka kuma yi alkawari biyu. Babu rubutun da zai fita sai wani ya karanta shi, ko na waye. In an zauna dubawa kuma, ƙarami ne zai fara magana, Malam ya zo a ƙarshe, don in ya riga ya ce abu ya yi kyau ba mai iya cewa bai yi ba.

Kada ku zaci daga nan komai ya miƙe. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a baki ne yake da sauƙi. Ranar farko da abokiyar aikinmu ta nuna wa abokina kuskurensa a gabanmu, kwana biyu yana amsa mata gaisuwa da ka. Ni kuwa, karon farko da na sake ganin kuskure a rubutun Malam, sai da na yi ta kewaye-kewaye ina cewa wataƙila kwamfutata ce, wataƙila ni ne ban gane ba, har ya gaji ya ce, "Ka ce subhanallahi mana mu wuce wurin." Daga nan kalmar ta zauna a shagon. Sai ka ji daga can kusurwa an ce, "Malam, subhanallahi, layi na tamanin," shi kuma ya ce, "Na ji, Allah ya yi albarka," ya gyara. Da sannu muka saba.

Shagon yanzu babu shi. Malam ya koma gonarsa, abokina yana Kano, abokiyar aikinmu ta fi mu duka nisa a harkar. Littafin tuntuɓe yana wurina, shafin farko har da tabon man gyaɗa. Inna tana nan tana shuka irinta, jikokin waccan kusurwar. Har yanzu kuma tana raba lambata ga duk matar da ba ta da waya, sai in ga baƙuwar lamba ta kira ana tambayata yaushe za a raba taki.

In kun tambaye ni me na koya, ba wani abu mai daɗin rubutawa ba ne. Na koyi cewa abin da na kira ladabi a lokacin tsoro ne, na sa masa babbar riga. Nauyin da na ƙi ɗauka na minti biyu a gaban Malam bai ɓace ba, ya tafi ya sauka a kan tsofaffin da ba su san ma akwai wani layi ba. Kuskuren manhaja ban cika tuna shi ba, na yi waɗanda suka fi shi tun daga lokacin. Tambayar Inna ce ba ta barina, musamman in damina ta faɗi na ji ƙamshin ƙasa. Sai in ji gajiyar kwanakin nan biyar ta dawo mini a gwiwa kamar jiya aka yi.

Yanzu ni ne babba a inda nake aiki, akwai matasa shida a ƙarƙashina, kuma na lura sun fara rusunawa in za su gaishe ni. Abin ba ya yi mini daɗi yadda na zaci zai yi. A makon jiya ɗaya daga cikinsu ya zo teburina da kwamfutarsa a rungume. Ya ce barka da aiki. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi jikin Inna. Mun gaisa da safe, mun kuma yi azahar tare.

Na ture abin da nake yi, na jawo masa kujera.

"Duk suna lafiya," na ce. "Zauna. A wane layi ne?"